Na yi gwajin LSAT sau goma sha huɗu, makina ya ƙi motsi: in ƙara gwaji ko in ɗauki malami?

Wani ɗan'uwa ne ya aiko da wannan tambaya. Ya yi digirinsa na farko a kimiyyar siyasa a wata jami'a a Najeriya, yanzu yana zaune a Amurka yana aiki, kuma yana so ya shiga makarantar lauyoyi a can. Ya ce gwajin farko da ya yi na LSAT, jarrabawar shiga makarantar lauyoyi wadda makinta ke tsakanin 120 da 180, ya samu 147. Cikin wata biyu ya zauna cikakken gwaji har sau goma sha huɗu, makin ya hau zuwa 153 ya tsaya cak, yau 151, jibi 154. Shi kuwa 165 yake nema. Yana tambaya ko ya ƙara yawan gwaji, ko kuwa ya biya malamin da zai riƙa zama da shi shi kaɗai, wanda aka ce masa dala 150 ne awa guda.

Ɗan'uwa, a wannan watan kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun. Ka dakatar da cikakken gwaji na mako uku, kuɗin malamin kuma ka bar su a aljihu tukuna. Gwaji goma sha huɗu cikin mako takwas, ga aiki, yana nuna cewa kana gama ɗaya ka duba maki, ka leƙa amsoshin da ka faɗi, ka ce "af, ashe C ce", ka wuce na gaba. Da haka mutum yana sabawa da fasalin jarrabawar, abin da ya ɗaga ka daga 147 zuwa 153 ke nan. Amma yadda kake tunani a gaban tambaya bai sauya ba, shi ya sa kuskuren da ka yi a gwaji na uku shi kake maimaitawa a na goma sha huɗu, tufafinsa kawai ya canza.

Bari mu fara da lissafin abin da kake nema. Tun watan Agusta na 2024 jarrabawar sashe huɗu ce, kowanne minti 35, da hutun minti goma tsakanin na biyu da na uku. Uku ne ake ba maki: biyu na tantance hujja, wanda suke kira Logical Reasoning, ɗaya na fahimtar karatu. Na huɗun na gwajin sababbin tambayoyi ne, ba ya shiga lissafi, sai dai ba za a gaya maka wanne ne ba, don haka duka huɗun za ka yi da gaske. Sashen wasannin lissafin hankali da aka daɗe ana tsoro, na jera mutane a kujeru da makamantansu, an cire shi. In wani ya ba ka tsofaffin littattafansa, tsallake wannan babin gaba ɗaya, ɓata lokaci ne. Tambayoyin da ake ba maki suna tsakanin 75 da 78, kowace da zaɓi biyar, kuma ba a rage maki don an yi kuskure. Ana juya adadin da ka ci zuwa ma'aunin 120 zuwa 180. Jadawalin juyin yana ɗan bambanta daga jarrabawa zuwa jarrabawa, amma 153 na nufin kana cin wajen tambaya 48, 165 kuma na bukatar wajen 65. Tazarar ba ta kai tambaya ashirin ba. Wato biyar ko shida a kowane sashe. In ka kalle shi haka, aikin ya zama abin da za a iya ƙirgawa: waɗanne tambayoyi shida ne a kowane sashe kake zubarwa alhali suna cikin ikonka?

Makin gwaji ba zai gaya maka wannan ba. Bita ce za ta gaya maka, kuma ga yadda ake yin ta.

Ka ɗauki sashe ɗaya na tantance hujja, ka yi shi cikin minti 35 daidai. Duk tambayar da ba ka da cikakken tabbaci a kanta ka sa mata alama, ko da ka zaɓi amsa. Tabbaci a nan yana nufin ka san dalilin da ya sa amsarka daidai ce, ka kuma san abin da ya kayar da sauran huɗun. Lokaci na cika, kada ka duba amsa. Nan ne mafi yawan mutane suke kasa daurewa. Ka tashi ka sha ruwa, ka dawo kan waɗanda ka sa wa alama da waɗanda ba ka kai gare su ba, ka sake yin su ba agogo. In tambaya ɗaya za ta ci minti goma sha biyar, bar ta ta ci. Ka rubuta amsarka ta biyu kusa da ta farko. Sai bayan nan ka buɗe amsoshi.

Yanzu kana da maki biyu, na cikin lokaci da na bayan lokaci, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce ganewar cutar. In cikin lokaci ka ci 15 daga 25, ba agogo kuma ka ci 22, fahimta tana nan, sauri da natsuwa ne suka yi ƙaranci. In kuwa ba agogo ma 16 ka ci, to ba lokaci ne matsalarka ba, ko an ba ka awa biyu haka za ta kasance, akwai tushen da ba a gina ba. Maganin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, kuma mai 153 da ya tsaya wuri ɗaya galibi na biyun ke damunsa, ko da yake shi yana rantsuwa cewa lokaci ne ke yi masa kaɗan. Mafi haɗari duka ita ce tambayar da ka faɗi ba tare da ka sa mata alama ba. Wannan ka yi kuskure ne kana cike da tabbaci, wato akwai wata ƙa'ida da ka fahimta a karkace. Irin waɗannan su za ka fi daɗewa a kansu.

Sai littafin kurakurai. Littafi na takarda ko jadawali a kwamfuta, duk ɗaya. Kowace tambayar da ka faɗi ka rubuta lambar gwajin da sashen da lambarta, da nau'inta, sannan abu uku da kalmominka: me ya ja ni zuwa amsar da na zaɓa, wace kalma ce a cikinta ta ɓata ta, me ya sa na ƙi amsar gaskiya. "Ban karanta da kyau ba" ba bayani ba ne, kada ka yarda wa kanka da shi. Ka rubuta abin da ya faru: "na ɗauki jimlar ƙarshe a matsayin matsayar marubuci, alhali matsayar tana tsakiya, ta ƙarshen dalili ce." Bitar sashe guda ta wannan hanya tana cin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Cikakken gwaji kuma bitarsa ta fi zamansa tsawo. In ka ga ka gama bitar gwaji cikin minti arba'in, ba ka yi ta ba.

Kana da wata dukiya da ba ka lura da ita ba: gwaje-gwajen nan goma sha huɗu da ka riga ka yi. LawHub, dandalin hukumar LSAC da ke shirya jarrabawar, yana ajiye amsoshinka. Ka koma kan biyar na ƙarshe, ka fitar da duk tambayar da ka faɗi, za su kai ɗari da wani abu. Ka sake yin su a hankali, ka rarraba su gida-gida. Kafin ka kai rabi za ka ga gida biyu ko uku ne suka kwashe mafi yawansu.

Tunda kashi biyu cikin uku na makin daga tantance hujja yake fitowa, bari in daɗe a kansa. Kowace tambaya ɗan gajeren zance ne, sai a tambaye ka wani abu game da shi. Aikin farko kullum shi ne raba matsaya da dalili: me mutumin nan yake so in yarda da shi, kuma da me ya kafa hujja? Aiki na biyu shi ne gano ramin da ke tsakaninsu tun kafin ka kalli zaɓuɓɓukan. Ga misalin da na ƙirƙira. Wata ƙaramar hukuma ta saka fitilun titi a unguwanni biyar bara. Bana ƙarar sata da aka kai wa 'yan sanda daga waɗannan unguwanni ta ragu da kashi talatin cikin ɗari. Saboda haka fitilun sun rage sata.

Ramukan a fili suke ga wanda ya saba nema. Dalilin yana magana kan ƙarar da aka kai, matsayar tana magana kan satar kanta, kuma ba abu ɗaya ba ne, wataƙila mutane sun gaji da kai ƙara ne. Wataƙila a daidai lokacin aka kafa 'yan sintiri. Wataƙila sata ta ragu a duk garin, har unguwannin da ba su ga fitila ba. Daga wannan zance ɗaya za a iya ɗebo tambaya iri huɗu. In an ce wane zaɓi ne ya raunana hujjar, amsar za ta faɗaɗa ɗaya daga cikin ramukan. In an ce wanne ya ƙarfafa ta, za ta cike ɗaya, misali a ce a unguwannin da ba a saka fitila ba ƙarar ba ta ragu ba. In an ce mene ne aibin hujjar, za a siffanta ramin da kalmomi na gama-gari. In kuma an ce wane zato ne hujjar ta dogara da shi, amsar ita ce abin da in babu shi hujjar ta rushe. Wanda ya ga ramin kafin ya karanta zaɓi yana neman abin da ya riga ya sani ne. Wanda bai gani ba, zaɓi biyar ɗin ne za su yi ta juya shi, kuma an rubuta su ne musamman don su yi hakan.

Wannan nau'i na ƙarshe, na zaton da ba makawa sai da shi, yana kayar da masu maki irin naka sosai, kuma yana da ma'auni mai sauƙi: ka kore zaɓin, ka ga ko hujjar za ta tsira. A ce zaɓi ɗaya ya ce fitilun titi su ne hanya mafi inganci ta rage sata. Yana da daɗin ji, ya dace da matsayar. Kore shi: ba su ne mafi inganci ba. Hujjar tana nan daram, don ba ta ce sun fi komai ba, cewa ta yi sun rage. Ya faɗi. Wani zaɓin ya ce mutanen unguwannin ba su rage kai ƙarar satar da aka yi musu ba har ya kai ga bayyana duk wannan raguwar. Zance ne maras armashi. Kore shi: sun rage kai ƙara, kuma wannan ne ya jawo raguwar duka. Hujja ta mutu. Ita ce amsar. A wannan nau'in amsar gaskiya galibi mai sanyin murya ce, masu ƙarfin baki irin "duka", "kullum", "mafi", su ne tarko.

Ɗaya tushen shi ne sharaɗi, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya riga ya san shi, sai dai bai san ya sani ba. Tsarki sharaɗi ne na ingancin sallah. In sallah ta inganta, to akwai tsarki. In babu tsarki, babu sallah ingantacciya. Waɗannan biyun magana ɗaya ce. Amma wanda ya yi alwala bai zama ya yi sallah ba, kuma in ka ji sallar wani ba ta inganta ba, ba lallai tsarki ya rasa ba, ta yiwu alƙibla ya ɓata. Waɗannan juye-juyen biyu na ƙarshe su ne kurakuran da jarrabawar take sakawa a zaɓuɓɓuka shekara da shekaru. Abin da ya rage maka shi ne gane kalmomin Ingilishi da ke nuna kowane ɓangare. Abin da ya biyo bayan "if" shi ne wanda in ya samu ya wadatar. Abin da ya biyo bayan "only if" shi ne sharaɗin da ba makawa sai da shi, kamar tsarki. "Unless" kuma daidai take da "sai in" tamu: ba za a shiga ba sai in an nuna kati, wato in an shiga to an nuna kati, amma nuna katin bai tilasta a bar ka ka shiga ba. Ka ɗauki jimla talatin masu irin waɗannan kalmomi daga tsofaffin tambayoyi, ka rubuta kowacce da korarriyar siffarta, irin ta "in babu tsarki, babu sallah ingantacciya", har hannunka ya riƙa yi ba tare da ka tsaya ba.

Akwai kuma kalmomin adadi, waɗanda ma'anarsu a jarrabawar ta fi ta hira tsauri. "Some" na nufin aƙalla ɗaya, kuma ba ta hana ya zama duka ba. "Most" na nufin fiye da rabi, ko da da mutum ɗaya ne. In mafi yawan 'yan kasuwa suna da rumfa, mafi yawansu kuma suna bin bashi, dole a samu aƙalla ɗaya da ya haɗa biyun. In "some" ce a duka jimlolin, ba abin da ya zama dole.

Wani abin da ke cin masu ilimi musamman: shigo da abin da suka sani daga waje. Kai da ka karanta siyasa, in aka kawo zance kan tsarin zaɓe za ka ji kana da ra'ayi. Ajiye shi. Dalilan da aka bayar a ɗauke su gaskiya ne ko da ka san ba haka duniya take ba. Abin da ake tambaya shi ne ko sun kai ga matsayar.

Sashen fahimtar karatu matani huɗu ne, kowanne da tambaya biyar zuwa takwas, kusan 27 gaba ɗaya. Galibi ɗaya kan shari'a, ɗaya kan kimiyya, ɗaya kan zamantakewa ko tarihi, ɗaya kan adabi ko fasaha, kuma sau da yawa ɗaya daga cikinsu gajerun matani biyu ne da za ka kwatanta. In ka raba minti 35 gida huɗu, kowanne ya samu minti takwas da daƙiƙa 45. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ruga karatun cikin minti biyu don a tara lokacin tambayoyi, sai a ƙare ana komawa matanin sau bakwai ana lalube. Ka ba karatun minti uku da rabi ko huɗu. Bayan kowane sakin layi ka tsaya daƙiƙa biyar ka faɗa wa kanka aikinsa: nan tsohon ra'ayi ne, nan sukarsa, nan marubucin ya fito da nasa. Ba a bukatar ka riƙe sunan ƙwayar halitta ko shekarar da aka yanke wani hukunci, ka san inda suke kawai. Abin da ake bukata ka riƙe shi ne murya nawa ke magana a matanin, kuma ina marubucin ya karkata, wanda sau da yawa kalma ɗaya ce ke tona shi. A wajen bita kuma ƙa'ida ɗaya ce: kowace amsa ka nuna layin da ya tabbatar da ita da yatsa. In ba layi, ba amsa. Ba a shiga da ƙamus, don haka kalmomin da suke maimaita kansu a tambayoyi da zaɓuɓɓuka, irin waɗanda ke siffanta halin marubuci, ka buɗe musu shafi a littafinka. Ba su da yawa, su ne dai suke ta dawowa.

Maganar lokaci gajeriya ce. Tambaya 25 cikin minti 35 na nufin daƙiƙa 84 kowacce, amma ba a raba shi daidai. Goma na farko galibi sun fi sauƙi, masu wuya sun fi taruwa daga tsakiya zuwa kusan ƙarshe. Duk tambayoyin makinsu ɗaya, don haka wadda ta riƙe ka fiye da minti biyu ka zaɓi wani abu, ka sa alama, ka wuce. A matakinka ya fi maka ka yi 20 da kyau ka ci 18, ka cike sauran biyar da harafi ɗaya, da ka taɓa 25 a guje ka ci 15. Sauri yana zuwa ne daga saurin gane ramin, kuma wannan bita ce ke kawo shi.

Ga yadda zan tsara maka watanni masu zuwa, da yake kana aiki. Awa goma sha biyu zuwa goma sha biyar a mako ya isa in ana yin su da hankali a jiki, awa ɗaya da rabi bayan asuba ta fi awa uku bayan an dawo aiki a gajiye. Mako uku na farko babu cikakken gwaji: tsofaffin kurakuranka, sai atisayen nau'i biyu ko ukun da suka fi cin ka, tambaya goma sha biyar zuwa ashirin a zama, ba agogo, daga masu sauƙi zuwa masu wuya. In ka kai kana cin tara cikin goma ba agogo, sai ka dawo da sashe-sashe cikin lokaci, uku ko huɗu a mako, kowanne da bitarsa. Cikakken gwaji ɗaya duk mako biyu, sai a mako shida na ƙarshe ya koma ɗaya a mako. Daga 153 zuwa 165 ka ƙaddara wata huɗu zuwa shida.

Ka kuma yi tattalin gwaje-gwajen. Na ainihi, waɗanda aka taɓa yi a matsayin jarrabawa, ƙididdigaggu ne: a sabon tsari an sa musu lamba tun daga 101, kaɗan kyauta ne a LawHub, sauran sai da kuɗin shekara da ya ɗan haura dala ɗari. Ka riga ka ƙona goma sha huɗu. Gwajin da ka taɓa gani ba zai sake gaya maka gaskiyar makinka ba. Ka ware goma daga cikin na baya-bayan nan, masu manyan lambobi, kada ka taɓa su sai don cikakken gwaji. Masu ƙananan lambobi ka yanka su don atisaye, da tsohuwar zuma ake magani, tsarin hujja bai tsufa ba. Tambayoyin da wani kamfani ko wata manhaja ta ƙirƙira da kanta kuwa, ka guje su. Zaɓuɓɓukansu ba su da tsaurin na ainihi, suna koya wa kunne karin da ba shi ba ne.

In za ka zauna cikakken gwaji, ka yi shi yadda za a yi ranar: sashe huɗu ba uku ba, a allon kwamfuta, hutun minti goma kacal, waya a wani ɗaki, a lokacin da kake sa ran za ka zauna ta gaske. Mai tsayar da agogo don ya amsa sallama yana yaudarar kansa da maki biyu ko uku. Kuma kada bambancin 151 da 154 ya ɗaga maka hankali ko ya faranta maka, hawa da saukar maki uku abu ne da ita kanta jarrabawar ta gada. Matsakaicin gwaji biyar na ƙarshe shi ne makinka.

To, malami fa? Yana da amfani, amma a lokacinsa. In ka je masa yau, awa huɗu ko biyar na farko za su tafi wajen koya maka raba matsaya da dalili da zana sharaɗi, abin da darussan da ke LawHub da kwasa-kwasan intanet na wata-wata suke koyarwa a kan kuɗin da bai kai awarsa ɗaya ba. Dala 600 zuwa 750 ke nan a kan abin da za ka iya samu da kanka. Lokacin malami shi ne in ka yi mako shida kana bita yadda na faɗa, littafinka ya cika, ka ga nau'i kaza kake faɗi, ka karanta bayanin amsa ka gane, amma sabuwar tambaya irinta ta sake kayar da kai. Wannan yana nufin akwai wani mataki a tunaninka da kai ba ka iya ganinsa, sai wani ya saurare ka kana yi da baki. Don wannan, awa biyar zuwa takwas, ɗaya a mako ko duk mako biyu, sun isa.

Kafin ka biya, ka tambaye shi makin da ya samu a jarrabawar gaske da shekarar da ya yi ta. Mai koyar da neman 165 ya kamata ya haura 170, ko da yake cin jarrabawa daban, iya koyarwa daban. Ka sayi awa ɗaya tak ta gwaji, kada ka yarda da ƙunshin awa ashirin ko talatin da ake biya gaba ɗaya don an yi maka ragi. A cikin awar nan ka lura da wanda ya fi magana. Malamin da ya shafe minti hamsin yana warware tambayoyi a gabanka kana gyaɗa kai, kallo ka saya. Nagari zai ce ka karanta, ka faɗi matsayar, ka faɗi ramin, ya bar ka ka yi kuskuren har ƙarshe, sannan ya mayar da kai daidai gaɓar da ka kauce. Zai nemi ganin littafin kurakuranka kafin zama, zai kuma ba ka aikin da za ka yi kafin na gaba. Wanda ya yi maka alkawarin ƙarin maki kaza, ko ya ce yana da dabarar gane amsa ba tare da fahimtar zancen ba, ka riƙe kuɗinka. In kuma kuɗin sun yi nauyi, abokin karatu da ke kusa da matakinka yana biyan rabin wannan bukata: ku riƙa bayyana wa juna tambaya da baki, don abin da ba ka iya faɗa wa wani ba, ba ka gane shi ba tukuna.

Dalilin da ya sa nake ganin waɗannan watanni sun cancanci wahalar, musamman gare ka: takardun digirin da aka yi a wajen Amurka da Kanada, in sun bi ta hannun LSAC, ba a fitar musu da matsakaicin maki irin na jami'o'in can. Ana ba su daraja ce ta gaba ɗaya, daga mafi kyau zuwa ƙasa da matsakaici. Saboda haka makin LSAT shi ne lambar da makaranta za ta fi dogara da ita wajen auna ka, kuma da shi ake yanke mafi yawan tallafin kuɗin makaranta. (Wanda ya riga ya yi digirin lauya a gida, wannan duk ba tasa ba ce: digiri na biyu na shekara ɗaya, LLM, galibi ba ya bukatar LSAT. Kai da kake neman JD, digirin lauya na shekara uku, LSAT ce ƙofarka, ko da yake makarantu da dama suna karɓar GRE, jarrabawar shiga karatun gaba da digiri, a madadinta.)

Kada ka yi rajista sai matsakaicin gwajinka biyar na ƙarshe ya kai abin da kake nema ko ya ɗara da maki ɗaya ko biyu, don ranar gaske mutane sun fi sauka da kaɗan fiye da hawa. Kuɗin zama ɗaya ya kasance dala 238 a zangon 2024 zuwa 2025. An iyakance zama sau biyar cikin shekara biyar, sau bakwai a rayuwa, wanda ka soke makinsa ma yana cikin ƙidaya. Makarantu suna ganin duk zaman da ka yi, amma mafi girman makin suke kai rahoto da shi, don haka zama na biyu ba abin kunya ba ne, ka tsara da shi tun farko. Ana yin jarrabawar a watannin Agusta, Satumba, Oktoba, Nuwamba, Janairu, Fabrairu, Afrilu da Yuni, sakamako na fitowa bayan kimanin mako uku. Makarantu suna buɗe karɓar takardu a Satumba, suna kuma duba su ne yadda suka iso, saboda haka wanda ya zauna a Yuni ko Agusta yana da sararin sake zama a Oktoba ko Nuwamba ba tare da ya makara ba.

Akwai kuma rubutun da ake yi daban ta intanet, minti 50: goma sha biyar na nazarin batun da ra'ayoyin da aka kawo, 35 na rubuta matsayarka. Ba a ba shi maki, amma ana aika shi ga makarantu, kuma ba za a saki sakamakonka ba sai yana cikin fayil ɗinka. Ana buɗe shi kwana takwas kafin jarrabawar. Ka gwada shi sau biyu a LawHub, ka yi na gasken a makon da aka buɗe, kwana uku ko huɗu kafin ranar zamanka, don in an samu tangarɗa wajen tantance katin shaidarka ko hoton ɗakin da ka zauna, a warware ta kafin ranar fitar da sakamako.